Faifan da Kawu Ya Hana a Kwafa

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa na zauna cikin mata a gidansa da ke nan Suleja ina sauraron yadda ake yabonsa, kuma rabin yabon na wani mutum ne da ban sani ba. Wata maƙwabciya ta ce, "Allah ya jiƙan mai gyaran kwamfuta, ko wayarka ce ta lalace ka kai masa zai duba." Zai duba kam. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo maka abarka, ya ce ka kai kasuwa. Wata kuma ta ce ai sana'ar sidi yake yi, tana ganinsa da su cike da jaka. Daga zaure ana jiyo wani da suka yi aiki tare yana gaya wa maza cewa marigayin injiniya ne, injiniya na gaske. Da Kawu yana da rai da tuni ya ɗauki takalmansa ya bar masa zauren.

Waɗanda suka san shi su ne suka fi kowa shiru. Tsofaffin mata ne da suka zo daga Chaza da Izom da Gawu a bayan a-kori-kura, suka haɗu wuri guda kusa da rijiya, ba wanda ya kai musu tabarma sai da Umma ta yi magana. Ɗaya daga cikinsu ta kamo gefen mayafina.

"Ke ce uwar tasa?"

Na ce ni ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Kawu, yayan Ummata, bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

"Shi ya koya mini rubuta sunana," in ji ta. "Ina da jikoki a lokacin." Ta saki mayafin ta ci gaba da jan carbinta.

Da la'asar Inna, matar Kawu, ta aika a kira ni ɗakin da take zaman takaba. Ita ba ta iya faɗin sunana, Surukuwa take ce mini, rabi wasa rabi kunya. Ranar babu wasan. Ta ce, "Surukuwa, idan mutane sun watse ki kunna mini abin nan nasa. Muryarsa nake so in ji." Na ce to, Inna. Na amsa ne ba tare da wani tunani ba, don na san inda fayafayan suke, cikin jakar fata a ƙarƙashin gadonsa.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta Kawu, kada kuma a riƙa tuna shi da gyaran waya. Amma ba zan ɓoye ba, da haushinsa nake rubutawa. Umma ta ce ba a jin haushin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Na ce mata ni ma ban so ba, amma ga shi ina ji, kuma shi ya jawo.

Kawu malamin yaƙi da jahilci ne, irin wanda ke bin ƙauyuka da allo da alli a bayan babur. Lokacin da aka fara kawo kwamfuta ofisoshi, an ajiye guda a nasu aka lulluɓe ta da zane, kowa na tsoron ya lalata kayan gwamnati. Kawu ya yaye zanen. Da wani tsohon littafi da ya samo wajen masu baza littattafai a bakin titi, da kuma taurin kan da Allah ya hore masa, ya koyi haɗa hoto da rubutu da murya su zama darasi. Hoton akuya ya fito a fuskar kwamfuta, kalmar ta bayyana a ƙarƙashinsa harafi bayan harafi, murya ta faɗe ta. Da ya yi ritaya sai ya sayi tasa kwamfutar a gwanjo, da ɗan ƙaramin janareta, ya ci gaba da bin ƙauyukan ba wanda ya aike shi.

Muryar da ke cikin darussan tasa ce. Da hantsi yake ɗauka, bayan yara sun tafi makaranta. Ya shige ƙuryar ɗaki ya rufa da bargo har kai, makirufo a ciki, cikin zafin garin nan. Aikin Inna ne ta kori kaji, ta leƙa maƙwabta ta ba su haƙuri su dakata da daka, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. In zakara ya yi cara a tsakiyar kalma, sai ka ji Kawu daga cikin bargo yana yi masa alkawarin tukunya. Amma wannan mutumin da ya kwashe shekaru yana ɗaukar muryarsa bai yarda wani ya ɗauke ta ba. Saƙon murya a waya bai taɓa aikawa ba. In ka tura masa, zai kira ka ya ce, "Ga ni, faɗa mini." A bidiyon bikin 'yarsa ƙeyarsa kawai ake gani tana fita daga rumfa. Saboda haka a duk duniya wuri ɗaya ne aka ajiye muryar Kawu.

Faɗanmu da shi ya fara ne bayan na gama jami'a na samu aikin rubuta manhaja a Abuja. Ya ce in zo in ga aikinsa, tunda yanzu na zama 'yar gari. Na je wata Asabar, ya zaunar da ni a kan kujerar roba, ya buɗe mini komai.

Kowane darasi fayil ne mai zaman kansa, da hotunansa da tsarinsa. Kawu yana kiransu ɗakuna. Akwai kuma wani fayil guda da shi ba darasi ba ne, in ka buɗe shi ba abin da zai fito ka gani. Shi yake kira tsakar gida. Duk abin da ɗakunan suka yi tarayya a kansa a nan yake ajiye shi: sunan matar da ke koyo, darasin da ta kai, ko tana buƙatar a ƙara mata ƙarfin lasifika saboda kunne. A wurin aikinmu gulobal muke ce wa irin waɗannan, wato abin da kowane fayil ke iya gani ya kuma canza. Sannan duk muryoyin a nan suke. Kalmar ruwa tana fitowa a darussa barkatai, amma sau ɗaya ya ɗauke ta, kowane ɗaki in ya buƙace ta sai ya leƙo tsakar gida ya kira ta.

Ya nuna mini wani layi da ke saman kowane fayil, mai sanar da cewa abu kaza da kaza na tsakar gida ne. "In kika manta wannan layin, Uwata, ɗakin ba zai yi ƙorafi ba," in ji shi. "Zai ƙirƙiro nasa mai irin sunan, babu komai a ciki. Mace ta fito daga wannan darasi ta shiga wancan, sai ya yi kamar bai taɓa ganinta ba. Wannan ai rashin mutunci ne."

Na yi dariya, na kuma yaba, don aikin ya cancanci yabo. Sannan na tambayi abin da duk mai irin aikina zai tambaya.

"Kawu, ina bakup? Ina kwafin da ka ajiye ko da wannan zai lalace?"

"Ga shi nan." Ya zuge jakar fata. Kowane darasi da faifansa, ya zana masa hoto da biro a kan takardar da ya manna. Faifan tsakar gida shi ko zane babu.

"Wannan ɗaya ne kawai?"

"Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifai. Ranar da na canza na kwamfuta, a ranar nake buga sabon faifai."

"Tsohon fa?"

Ya laluba aljihun jakar ya zaro tsohon faifan da ya canza a makon, ya riƙe shi da hannu biyu, ya karya shi a gabana. Wani ɓangare ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin shayinsa. Ya ciro shi ya ci gaba da shan abinsa.

Sai daga baya Inna ta ba ni labarin abin da ya sa. A farkon shekarun, akwai wani malami a Izom da ya samu kwamfuta, Kawu ya kwafa masa komai don ajin can ya riƙa tafiya ko ba ya nan. Ya dawo gida ya ci gaba da gyare-gyarensa, ya ƙara kalmomi, ya sake jerin muryoyin. Sannan ya haɗa sabon darasi ya aika Izom. Sabon ɗaki ya je ya tarar da tsohuwar tsakar gida, ya kira murya ta inda ya san an ajiye ta, wata daban ta amsa. Hoton akuya ya fito, muryar Kawu ta ce tukunya. Hoton liman ya fito, ta ce kwaɗo. Aji ya kwashe da dariya. A ranar ne kuma wani dattijo da Kawu ya daɗe yana lallashi ya yarda ya zo da iyalinsa ya gani da idonsa. Dattijon ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ashe wasan yara ake yi, ya sa matan gidansa a gaba. Ba su sake dawowa ba. Inna ta ce Kawu ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, sannan ya koma Izom ya goge wancan kwafin da hannunsa, kuma tun daga nan ya yi rantsuwa tsakar gida ba za ta sake zama iri biyu ba.

Na fahimci ciwon. Abin da ban fahimta ba shi ne maganin. Na yi masa bayani iyakar iyawata, na ce akwai hanyoyi yanzu, ana sa wa kowane kwafi lamba a san sabo da tsoho, ana kiran murya da sunanta ba da inda take a jeri ba, ana ajiyewa a intanet.

"A ɗakin wa?"

"Ba ɗakin kowa ba ne, Kawu."

"To ba na ajiye kayana inda ba ɗakin kowa ba ne."

Na ce to ya ba ni in ajiye a nawa ɗakin. Ya ce ni ce ma ya fi tsoro, don zan ga abin gyara in gyara, shi ma ya gyara nasa a nan, a wayi gari muna da gida biyu. Na ce wallahi ba zan taɓa ba. Ya ce hannun mai iyawa ba ya zama haka nan. Na ce duk abin da ya gina ya rataya ne a kan abu ɗaya, ranar da ya faɗi komai ya faɗi. Ya ce haka ne, shi ya sa yake kula da shi. Mun yi wannan faɗan sau da yawa har Inna ta haddace shi. Da ta ji na ce bakup sai ta ɗauki kwanonta ta koma madafa tana cewa uwa da ɗa sun fara.

Kada a ɗauka mutum ne mai tsanani. Taurin kansa a kan fayil yake, a kan mutane kuwa zuciyarsa ta fi kitse laushi. A Gawu akwai wata mata da ba ta saurin ɗauka. A tsarin farko, kwamfutar tana ƙirga kuskuren kowace ɗaliba tana ajiyewa a tsakar gida, saboda haka duk darasin da ta buɗe sai adadin ya biyo ta ya fito a kusurwa, sauran mata suna gani. Matar nan nata ya fi na kowa, kullum ƙaruwa yake. Wata rana ta aiko 'yarta ta ce a gaya wa Malam ta gode, amma kanta ba na karatu ba ne. Kawu bai je lallashi ba. Ya zauna ya bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya cire kuskure daga tsakar gida ya mayar da shi cikin kowane ɗaki, yadda da zarar an fita darasi sai ya shafe. Ya gaya mini da kansa, yana alfahari kamar wanda ya gina masallaci. "Sunanta ya bi ta, inda ta kai ya bi ta. Kuskurenta kuwa ya tsaya inda ta yi shi." Matar ta dawo, kuma ita ce daga baya ke karanta wa maƙwabtanta takardar magani.

Irin wannan mutumin ne. Shi ya sa haushin ya fi ci mini rai, don ba jahili ne ya yi mini wannan aika-aikar ba.

A daminar da ta wuce tsawa ta ƙona kwamfutarsa, ba abin da ya tsira a cikinta. Lokacin ciwon ya riga ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, babur ma an jingine shi. Da Yaya, babban ɗansa, ya kira ni ya faɗa mini, ban jira Asabar ba. Na taso daga aiki, na sha cunkoson hanya daga Zuba har gida, na shiga da tawa kwamfutar a hannu.

"Kawu, yanzu saura ɗaya. Ba ni in kwafa, ko zama ba zan yi ba."

"In na warke."

"Me ya haɗa warkewa da kwafi?"

"Akwai kalmomin da zan sake ɗauka. Na saurare su kwanan baya, muryata ta yi rawa a wasu. In kika kwafa yanzu, mai rawar za ki ajiye."

"Ina son mai rawar."

Ya yi murmushi ya juya fuska bango. Na kai ƙara wajen Umma, ta ce yayanta ne, tun suna yara in ya ce a'a ko mahaifinsu haƙura yake yi. Na kai wajen Inna, ta ce ita ba ta taɓa sa hannu a jakar nan ba, ba kuma a kan gadon ciwo za ta fara ba. Jakar tana nan a ƙarƙashinsa, ina ganin madaurinta ya leƙo. Na zauna ina kallonsa har aka kira magariba, sannan na tashi na tafi.

Bai warke ba.

Bayan jana'iza na koma aiki, don wurinmu ba a ba da dogon hutu a kan rasuwar kawu. Ranar da aka yi sadakar rabon kayansa ba na nan. Kamar yadda aka saba, Yaya ya fito da riguna da huluna da takalma aka raba wa mabuƙata. Matan ƙauyukan sun dawo ranar, suka ce su ba riga suke so ba, a ba su wani abu na Malam da za su riƙa tunawa da shi. Yaya ya tuna da jakar. A saninsa sidi kamar kaset ɗin wa'azi ne, kowanne da abin da ke cikinsa, ka ba wannan ɗaya ka ba wancan ɗaya kowa ya ƙaru. Ya raba su tas, yana jin ya yi wa mahaifinsa sadaka mai gudana.

Da na zo Asabar na jawo jakar na ji ta sakayau, na tambayi Yaya ina fayafayan.

"Haba ke kuwa," in ji Yaya, "so kike su ruɓe a ƙarƙashin gado? Ai mutanensa na ba."

"Wanda babu zane a jikinsa fa? Wa ka ba?"

"Wannan ai ya lalace. Wallahi sai da na yi cekin. Na sa su ɗaya-ɗaya a dibidi, sauran suna nuna hotuna, shi kuwa ba abin da ya fito. Na haɗa shi da tsofaffin sidin yara da suka karce."

"Suna ina?"

"Wani baba daga Chaza ya roƙa, na ba shi. Wai na tsuntsaye."

Ban yi masa ihu ba, duk da na so. Me zan ce? Mutumin ya girma a gidan da aka hana kowa taɓa jakar nan, ba a taɓa zaunar da shi an ce masa wannan faifan shi ne uwar sauran ba. Ko harafi ɗaya Kawu bai rubuta a jikinsa ba, don a ganinsa shi ya san abinsa, kuma yana nan.

Na fara da darussan, don su na san inda suke. A Izom da Gawu sai da na bi gida-gida. Wata ta naɗe nata a ƙyalle ta sa a ƙasan kwalla, tare da kayan da take ajiye wa jikarta. Wata ta rataye shi a bango kusa da hoton Ka'aba. Ba wadda ta ba ni da daɗin rai. Sai na rantse zan dawo da shi, sai an kira wata ta shaida cewa ni ce uwar Malam. Matar Gawu, mai karanta takardar magani, ita kaɗai ce ta miƙo nata tun ban gama bayani ba. Ta ce dama ta kai shi gidan mai kwamfuta an sa mata, hoto ya fito amma Malam bai yi magana ba, ta ɗauka laifin kunnenta ne.

Chaza na je daga ƙarshe, ina ta jan ƙafa. Dawa ta nuna a lokacin, tsuntsaye sun matsa wa gonaki. Dattijon da Yaya ya ba fayafayan ya tarbe ni da ruwa da gaisuwar ta'aziyya mai tsawo, sannan ya kai ni gonar. Tun daga nesa nake hango su, an ja igiya daga wannan sanda zuwa waccan, fayafayai suna lilo a jiki suna walƙiya don korar tsuntsaye. Na fara bi ina kamawa ina dubawa, ga na waƙoƙi, ga na wasan kwaikwayo.

"Na Malam kike nema, 'yata? Ba ya nan gefe," in ji shi. "Na san shi, shi ne babu rubutu. A tsakiyar gona na sa shi, don albarka."

Muka kutsa cikin dawa. Yana can a kan sanda mafi tsawo, shi kaɗai. Rana ta buge shi, ruwan ƙarshen damina ya dake shi, fatar azurfar da ke riƙe da komai ta kwaye ta bi iska, saura ɗan kaɗan a gefe. Na ɗaga shi sama ina ganin yatsuna ta cikinsa.

Dattijon ya ga fuskata. "Mai amfani ne?"

Na ce muryar Malam ce a ciki.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce da ya sani da ya bar wa tsuntsaye dawar. Na ce ba laifinsa ba ne, kuma da gaske nake. Kowa a wannan lamari ya yi ne don girmama Kawu. Yaya ya yi sadaka, matan sun adana, dattijon ya nemi albarka. Na tsaya a tsakiyar gonar mutane na rasa wanda zan ji wa haushi sai wanda yake kabari.

Na kai faifan wajen masu ceto bayanai a Abuja. Na farkon ya ɗaga shi ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya ba ni haƙuri. Na biyun ya karɓa ya gwada don jin kunyata. Abin da ya rage a gefen faifan wuri ne da ba a rubuta komai a kansa ba.

Duk wannan lokacin Inna ba ta sake tambayata ba. Gaisuwa kawai, da kallon jakar da ke kafaɗata. Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Ta saurara, sannan ta ce, "To ko hotunan ne ki nuna mini. Ai shi ya zana wasu."

Darussan ba sa buɗewa yadda ya kamata in babu tsakar gida, saboda haka sai na gina musu wata. Na bi layin nan na saman kowane fayil na tattara sunayen abubuwan da suke nema, na yi sabon fayil na jera su yadda Kawu ya jera, da gurbin sunan mai koyo, da gurbin inda ta kai, da gurbin kowace kalma. Sunayen duk sun cika. Guraben muryoyin ne babu komai a ciki. Na gwada darasin farko ya buɗe, ban tsaya na duba sauran ba na rufe, don ban so in kalla ni kaɗai.

Wata Lahadi da hantsi na shiga ɗakin takaba na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsakar gida a gaban Inna. Ta gyara zama, ta jawo hijabinta. Kwamfutar ta nemi sunan mai koyo. Na rubuta Inna, na danna.

Hoton akuya ya fito, kafin ido ya sauka a kansa ya wuce. Tukunya, rijiya, kaza, gona, liman, kasuwa, duk suna ta bugun juna. Darasi na farko ya ƙare ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, sunan Inna yana biye da su a kusurwa daga ɗaki zuwa ɗaki, daidai yadda Kawu ya tsara. Sai a lokacin na gane. Bai sa wa kowane hoto lokacin tsayuwa ba. Ya rubuta masa ne ya jira har murya ta gama faɗin kalmar, sannan ya ba na gaba wuri. Yanzu babu abin jira. Aikin da ya cinye ƙarfin mutum da tsufansa ya wuce a gabanmu kafin ruwan da Inna ta zuba mini ya rasa sanyin randa, fuskar kwamfutar ta koma baƙa.

Inna ta matso da fuskarta kusa.

"Tsayar da shi mana, Surukuwa. Ban ga komai ba."

"Ba zai tsaya ba, Inna. Muryarsa ce take tsayar da su."

Ta dubi baƙin gilashin. A waje wata maƙwabciya ta fara daka. Na ga Inna ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

Allah ka yafe wa Kawu, ka faɗaɗa masa makwanci, ka saka masa da kowane harafi da wata tsohuwa ta rubuta da hannunta. Ka kuma cire mini wannan haushin daga zuciya, don har yanzu bai fita ba.